Ƙuri'a daban, daraja daban: yadda Amurka da Turai suka jera mutanensu a ƙarni na 19

Duk sanda gardamar dimokuradiyya ta tashi, musamman in zaɓen Amurka ya ƙarato, za ka ga mutane sun rabu gida biyu, wasu su ce ai Amurka ce uwa ma ba da mama, tun farko kowa daidai yake da kowa a can, wasu kuma su ce ina daidai a ƙasar da aka gina da gumin bayi, gara ma Turai da ta riga ta 'yanta nata. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kowane ɓangare yana da hujja ta gaskiya a hannunsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba. To a ƙarni na 19, wato tsakanin 1800 da 1900, a nan aka aza tubalin abin da ake gani yau, shi ya sa sai an koma can.

Kalmomi biyu da ake cakuɗawa

Dimokuradiyya maganar mulki ce, wa ke da ikon jefa ƙuri'a, sannan wanda aka zaɓa ɗin shi ke da wuƙa da nama ko kuwa akwai wani sarki a samansa da zai iya rushe abin da ya yi. Daidaito kuwa ya fi wannan faɗi, ya haɗa da ko alƙali zai saurari ɗan talaka kamar yadda zai saurari ɗan sarauta, da wa ke cire wa wa hula in an haɗu a hanya, da ko ɗan maƙeri zai iya zama hafsan soja, sannan ga maganar dukiya ita kanta. Ana iya samun ɗaya babu ɗayan. Ƙasa za ta iya ba kowane namiji ƙuri'a alhali sarauta na nan daram, wata kuma ta soke sarautar gaba ɗaya amma tana sayar da mutane a kasuwa, kuma duka biyun sun faru a wannan ƙarnin.

Abin da baƙon Faransa ya gani a 1831

Kusan duk wanda zai yi wannan kwatance sai ya bi ta kan Alexis de Tocqueville, wani matashi ɗan wani gidan sarauta a Faransa da ya sauka Amurka a 1831 tare da abokinsa Gustave de Beaumont, a takarda dai an turo su ne su duba tsarin gidajen yari, amma suka yi wata tara suna yawo suna tambayar mutane komai da komai. Shi ya fito daga gidan da juyin juya halin Faransa ya ɗaure iyayensa har saura ƙiris a fille musu kai, don haka ya san mene ne duniyar da ake gadon matsayi. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda mutane ke mu'amala, bara yana kallon aikinsa a matsayin yarjejeniya ce kawai, na yi maka aiki ka biya ni, gobe ni ma ina iya zama mai gida, babu wanda ke jin cewa a bara aka haife shi kuma a bara zai mutu. Littafinsa kan dimokuradiyya a Amurka ya fito kashi biyu, 1835 da 1840.

Sai dai masu kafa hujja da shi sukan tsallake wani ɓangare. A watan Disamba na 1831 yana Memphis, a bakin kogin Mississippi, ya ga 'yan ƙabilar Choctaw da aka tasa daga ƙasarsu ana ƙetarar da su cikin tsananin sanyi, ga ƙanƙara na yawo a kan ruwa, ga tsofaffi da marasa lafiya da jarirai, babu tanti babu keken kaya, har karnukansu da aka bari a gaɓa suka faɗa ruwan suna bin jirgin. Ya kuma rubuta cewa a Pennsylvania ya tambayi dalilin da ya sa baƙaƙen da ba bayi ba ba sa zuwa rumfar zaɓe, aka ce masa doka ba ta hana su ba, tsoron abin da za a yi musu ne ke hana su.

Me ya sa talakan Bature a Amurka ya ɗaga kai

Amsar farko ƙasa ce, ƙasar noma. A Amurka fili ya yi yawa mutane sun yi kaɗan, daga 1820 gwamnati na sayar da eka ɗaya a kan dala 1.25, a 1862 kuma aka yi dokar da ke ba mutum eka 160 in ya zauna ya nome ta shekara biyar. Wanda yake da inda zai koma ba ya jure wulaƙancin mai gida, kuma tunda hannun aiki ya yi ƙaranci dole lada ya tashi. Ga shi tsarin mulkin ƙasar ya haramta ba da sarauta, jihohi kuma sun soke al'adar nan ta babban ɗa ya gaje gona shi kaɗai, Virginia ta soke tata tun 1785. Amma fa filin nan da ake rabawa ba daga sama ya faɗo ba, na 'yan asalin ƙasar ne, kuma dokar 1830 da shugaba Andrew Jackson ya sa wa hannu ita ta ba da damar kwashe su zuwa yamma, a tafiyar 'yan Cherokee ta 1838 kaɗai an ƙiyasta mutum kamar 4,000 ne suka mutu. Shi wannan Jackson ɗin dai shi ne ake kira gwarzon talakawa, don haka faɗaɗa damar wasu da ƙwace na wasu tare suka tafi, hannu ɗaya ne ya yi su.

A Turai abin ya sha bamban, duk wata gona tana da mai ita tun kaka da kakanni. Ƙididdigar da aka yi a Birtaniya a shekarun 1870 ta nuna mutum kamar 7,000 ne ke riƙe da wajen kashi huɗu cikin biyar na ƙasar, har 1871 muƙamin hafsa a sojan ƙasa saye ake yi da kuɗi, ɗan Katolika bai samu shiga majalisa ba sai 1829, Bayahude sai 1858. Can gabas kuwa akwai manoman da ke ɗaure da gonar ubangidansu, kusan irin abin da za mu ce bayin gandu ko da yake ba daidai suke ba, Purushiya, wadda daga baya ta shiga tarayyar Jamus, ta fara kwance su a 1807, Ostiriya ta gama a 1848, Rasha sai 1861, inda aka saki mutum sama da miliyan 20 amma aka ɗora musu bashin kuɗin gonar da za su yi shekara 49 suna biya. Faransa ce ta fita daban, don tun 1789 ta soke gatan sarauta, dokar Napoleon ta 1804 kuma ta tilasta raba gado tsakanin 'ya'ya, shi ya sa ƙananan manoma masu gonar kansu suka yi yawa a can.

Wa aka ba ƙuri'a, kuma yaushe

Da farko a Amurka ma sai mai kadara ke zaɓe. A hankali jihohi suka riƙa cire sharaɗin, sababbin jihohin yamma ma ba su sa shi ba don suna neman mutane su zo, Rhode Island sai da aka yi tawaye a 1842 kafin ta sassauta, North Carolina ce ta ƙarshe a 1856. Zuwa zaɓen 1840 kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ke da ikon zaɓe sun fito, kuma a lokacin babu wata babbar ƙasa a Turai da ta kama ƙafar wannan.

Don a gane tazarar, dubi Old Sarum a Ingila kafin 1832. Tsauni ne da gari ya tashi daga kansa tun ɗaruruwan shekaru, babu gida ko ɗaya, masu ƙuri'ar ba su kai ashirin ba kuma duk mai filin ne ke zaɓo su, a ƙarƙashin wata bishiya ake taruwa a yi zaɓen, amma wannan kufai yana tura wakilai biyu majalisa, alhali Manchesta da Birmingham masu cike da masaƙu da maƙeru ba su da wakilin kansu ko ɗaya. A 1819 da jama'a suka taru a Manchesta suna neman gyara sojan doki suka afka musu da takubba. Gyaran 1832 ya share irin su Old Sarum, amma bayansa ma namiji ɗaya cikin biyar ne ke zaɓe a Ingila, ma'aikata suka ga an yi ba a yi ba, suka kafa tafiyar da ake kira Chartist, takardar kokensu ta 1842 ta tara sa hannu sama da miliyan uku, majalisa ta yi watsi da ita. Sai 1867 aka shigo da wani kaso na ma'aikatan birni, 1884 na ƙauye, har aka kai kamar kashi 60 cikin 100 na maza. Kuma kafin 1872 a fili mutum ke faɗin wanda ya zaɓa, wato manomin haya zai tsaya gaban wakilin mai gonar da yake nomawa ya faɗa da bakinsa, ka ga ko yana da ƙuri'ar ba lallai tasa ba ce. Majalisar masu sarauta ta gado kuma tana iya kashe dokar da zaɓaɓɓu suka yi har zuwa 1911.

Faransa tsalle ta riƙa yi gaba da baya. Zamanin sarki Louis-Philippe sai mai biyan harajin faran 200 ke zaɓe, mutum kamar 240,000 a ƙasar da ta haura miliyan 30, sai juyin 1848 ya zo a dare ɗaya masu zaɓe suka koma sama da miliyan tara. Me suka yi da ita? A Disamba suka zaɓi Louis-Napoleon, ɗan ɗan'uwan Napoleon, shugaban ƙasa, a 1851 ya yi juyin mulki, a 1852 ya naɗa kansa sarki kuma jama'a suka amince masa da ƙuri'ar raba gardama. Jamhuriyar da ta ɗore sai daga 1870.

Jamus ce ta fi nuna cewa ƙuri'a kaɗai ba ta isa ba. Daga 1871 duk namijin da ya kai shekara 25 yana zaɓen majalisar tarayya, amma shugaban gwamnati sarki ne ke naɗa shi kuma sarki ke sauke shi, ba majalisa ba. A Purushiya kuwa, wadda ita ce mafi girma a tarayyar, daga 1849 har 1918 aji uku aka kasa masu zaɓe gwargwadon harajin da suke biya, kowane aji da kashi ɗaya cikin uku na nauyin zaɓe, 'yan tsirarun attajiran ajin farko nauyinsu ɗaya da fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a da ke aji na uku, har ana ba da misali da Alfred Krupp mai masana'antar ƙarfe a Essen, wanda shi kaɗai ne ajin farko a mazaɓarsa. Beljiyam ma da ta ba kowane namiji ƙuri'a a 1893 sai ta ƙara wa mai dukiya da mai ilimi ɗaya ko biyu a kai.

Inda Amurka ta ja nata layin

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A daidai lokacin da ake buɗe wa talakan farar fata ƙofa ake rufe ta ga baƙar fata da ke da ita a da. New York a 1821 ta sassauta wa farare sharaɗin kadara amma ta ce baƙi sai mai kadarar dala 250, Pennsylvania a 1838 ta ƙara kalmar farar fata a tsarin mulkinta ta cire su baki ɗaya, New Jersey tun 1807 ta cire mata da baƙaƙe da ke zaɓe a da. Ƙidayar 1860 ta samu bayi kusan miliyan huɗu cikin mutum miliyan 31, shekara uku kafin nan kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Birtaniya ta yi dokar soke bauta a yankunanta a 1833, Faransa a 1848, Amurka sai da aka yi yaƙin basasar da ya ci rai sama da 600,000 sannan aka soke ta a 1865.

A cikin waɗanda suka sa kakin wannan yaƙi har da ɗan yankinmu, Muhammad Ali ɗan Sa'id wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, an kama shi yana yaro aka ƙetara hamada da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya zaga Turai yana hidimar wani basaraken Rasha, daga baya ya isa Amurka ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863, bayan yaƙi kuma ya koyar a makarantun baƙaƙe a kudu.

Gyaran tsarin mulki na 1868 ya ba 'yantattu zama 'yan ƙasa, na 1870 ya hana a hana mutum ƙuri'a don launin fatarsa, a shekarar ma Hiram Revels ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawa, daga Mississippi. Amma da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu a 1877 sai aka dawo ta bayan gida, ba a ambaci launi a doka ba, aka dai sa harajin zaɓe da jarrabawar karatu wadda jami'in rajista ke da ikon cewa ka ci ko ka faɗi, ga kuma kisan gilla ga wanda ya matsa. A Louisiana baƙaƙe masu rajista sun kai kamar 130,000 a 1896, zuwa 1900 saura kamar 5,000. A 1896 ɗin ne kotun ƙoli ta halatta wariya a jirgin ƙasa, kafin nan a 1882 an riga an rufe wa leburorin Sin ƙofar shiga ƙasar.

Turai ma fa hannunta ba wanke yake ba. Fam miliyan 20 da Birtaniya ta ware a 1833 iyayen gidan bayi aka biya, bayin ba su samu ko kwabo ba, masaƙun Lancashire kuma da audugar da bayin kudancin Amurka suka noma suke aiki har 1861. Sannan shekarar da leburan gona na Ingila ya samu ƙuri'a, 1884, ita ce aka zauna a Balin ana tsara rabon Afirka, ba a kai shekara ashirin ba Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa a 1903. Wato Amurka ta ajiye waɗanda ta ware a cikin gida, Turai ta ajiye nata da yawa a ƙetaren teku inda ba a ƙirga su in ana lissafin masu zaɓe.

Bayanai uku da masana ke ja a kai

Masu bin Tocqueville suna cewa abin da Amurka ta kawo sabo ne na gaske, ta nuna babbar ƙasa za ta iya tafiya babu sarki babu 'yan gado, bauta kuwa tabo ne da ya saɓa wa aƙidar, kuma da wannan aƙidar ce su Frederick Douglass, baƙar fatar da ya tsere daga bauta, suka yaƙe ta. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce ƙafar mutane, miliyoyi sun bar Ailan da Jamus da Italiya sun nufi Amurka, kaɗan ne suka yi akasin haka.

Ɓangare na biyu suna cewa ba tabo ba ne, ginshiƙi ne, daidaiton da farare suka ji a tsakaninsu ya samu ne saboda akwai wasu a ƙarƙashinsu duka, mafi talaucin farar fata yana da wanda ya fi, don haka bai ga attajiri a matsayin abokin gaba ba. Suna nuna dokokin New York da Pennsylvania a matsayin shaida, kuma shaidar tana da nauyi tunda a takarda ɗaya aka rubuta buɗewar da rufewar.

Na uku sun fi kallon aljihu. Suna cewa tunda ma'aikacin Turai sai da ya yi gwagwarmaya a matsayinsa na ma'aikaci kafin ya samu ƙuri'a, sai ya fito da jam'iyyar kansa da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, na Amurka kuwa ya tarar da ƙuri'a a hannu, jam'iyyu biyu suka raba shi ta addini da ƙabila da launi. A gefe kuma akwai masu ra'ayin riƙau na Turai na wancan lokacin da ke tsoron cewa in aka ba jahili ƙuri'a zai sayar ko ya bi mai baki, suna nuna Louis-Napoleon da 'yan Tammany Hall, ƙungiyar siyasa ta New York, masu sayen ƙuri'a da guraben aiki, har masanin Birtaniya John Stuart Mill da ya nemi a ba mata ƙuri'a a majalisa a 1867 ya goyi bayan a ƙara wa mai ilimi nauyi.

Abin da ya isa ga talaka

In kai talaka ne farar fata a 1850, Amurka ta fi maka, lada ya fi, nama ya fi, gona na samuwa, makarantar gwamnati na yaɗuwa a arewa, kuma ɗan takara dole ya zo ya nemi ƙuri'arka. Amma zuwa ƙarshen ƙarnin tazarar dukiya ta buɗe sosai, su Rockefeller da Carnegie sun tara abin da ya fi na sarakunan Turai da dama, filin rabo ya ja baya, yajin aikin jirgin ƙasa na 1877 da na masana'antar ƙarfe ta Homestead a 1892 dukansu da bindiga aka murƙushe su, kuma in inji ya cinye maka hannu kusan kai da Allahnka. A Jamus kuwa, inda ƙuri'arka ba ta iya sauke gwamnati, shugaban gwamnati Bismarck ya kawo inshorar lafiya a 1883, ta haɗarin aiki a 1884, fansho a 1889, ba don tausayi kaɗai ba, yana so ne ya janye ma'aikata daga 'yan gurguzun da ya haramta wa taro da jarida tun 1878. Tsoron talakan da ya haɗa kai ya samar da abin da ƙuri'ar talakan da ke rarrabe ba ta samar ba a lokacin.

Mata kuwa kusan ko'ina a waje aka bar su. An yi taron neman 'yancin mata na Seneca Falls a Amurka a 1848, yankin Wyoming ya ba su ƙuri'a a 1869, amma ƙasar da ta fara ba mata duka ita ce New Zealand a 1893, Amurka sai 1920, Birtaniya ta daidaita su da maza a 1928, Faransa da ta riga manyan ƙasashen Turai ba maza sai 1944.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye tunda Najeriya ta ɗanɗana tsarin biyu, a 1960 irin na Birtaniya da firaminista, har da majalisar sarakuna a Kaduna kusa da ta zaɓaɓɓu, daga 1979 kuma irin na Amurka da shugaba mai cikakken iko da sanatoci. Matan arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba alhali na kudu sun jefa, sai a 1976 aka buɗe musu. Baƙaƙen kudancin Amurka kuwa da aka rubuta musu 'yancin zaɓe tun 1870, yawancinsu ba su samu shiga rumfa ba sai bayan dokar 1965, shekara biyar bayan Najeriya da Nijar sun karɓi mulkin kai.